Idan Kasuwar Kitso da Lalle ta Kwanta: Ragi, Turare ko 'Yan Koyo?

Ranar goma ga azumi wata yarinya da ta koyi aiki a hannuna, wadda yanzu take da shagonta a Daura, ta turo mini saƙon murya. Daga jin muryar ka san ta yi kuka ta share. "Anti, yau kwana shida ko kai ɗaya ban taɓa ba. Na ce ko in sa a WhatsApp cewa na rage kuɗin kitso da lalle rabi, ko Allah Ya sa a shigo?" Na ce mata kada ta rubuta komai, ta bari sai mun yi magana bayan asham. Tambayar ba tata ba ce ita kaɗai. Duk mai shagon gyaran gashi, lalle, dilka ko kwalliyar amare a ƙasar Katsina ta san ranakun da za ki share shago, ki sa turare a kasko, ki zauna kina ƙirga napep ɗin da ke wucewa har a kira la'asar.

Shirun da ke samun shagunanmu iri biyu ne, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a ba wannan maganin wancan. Akwai shirun azumi. Daga ranar da aka ga wata har wajen ashirin mata ba sa fitowa, ba don hannunsu ya bushe ba, hankalin ne ya koma wani wuri: tafsiri da hantsi, kicin daga azahar, asham da dare. Da wuya ki ji an kai amarya. Amma wannan shirun kowa ya san ranar ƙarewarsa, kuma gabansa da bayansa duk kasuwa ce. Gabansa Sha'aban, watan da ake rige-rigen kai amare ɗakunansu kafin a ɗauki azumi. Bayansa kuma kwanakin ƙarshe, da ko ruwa a tsaye za ki sha da kan wata a hannunki.

Shiru na biyu shi ne mai cin rai, na bayan Babbar Sallah har zuwa kaka. Wannan na babu ne. Maigida ya sayi ragon layya, ya yi wa yara ɗinki karo na biyu cikin kwana saba'in, ya zuba abin da ya rage a taki da kuɗin 'yan ƙwadago, ga kuɗin makaranta yana jiransa a Satumba. Matar da ke zuwa wanke kai duk sati biyu sai ta koma wata-wata, ko ta ba ƙanwarta kai a tsakar gida a yi mata kalaba huɗu a wuce wurin. Bukukuwa ma suna ja baya, don mai hankali ba ya son kafa rumfa a watan marka, kuma dangin ƙauye ba za su bar gona su zo biki ba.

Abin da ke rikita lissafi shi ne muna aiki da kalanda biyu da ba sa tafiya tare. Damina tana nan inda take, Yuni zuwa Satumba. Watan Musulunci kuwa yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. A 2015 cikin Yuni aka ɗauki azumi, Babbar Sallah ta zo ƙarshen Satumba, wato salloli biyun suka faɗo cikin damina suka tallafe ta. A 2024 azumi ya kama 11 ga Maris, aka yi layya 16 ga Yuni. A 2025 azumi 1 ga Maris, layya 6 ga Yuni. Kin ga a shekarun nan ana gama cin naman Sallah ruwa ke sauka, babu wata babbar rana da za ta tsaga damina sai Mauludi. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a sana'ar suke cewa yanzu shirun ya fi tsawo. Ba ƙorafi ba ne kawai, wata ne ya juya. Ki ɗora a kan wannan cewa Katsina garin albashi ne, daga goma ga wata zuwa ashirin da biyar ko a lokacin kasuwa akwai ɗan sanyin jiki.

To, hanyoyin da na ga ana bi ba su da yawa. Wasu su rage farashi, wasu su koma sayar da kaya, wasu su ɗauki 'yan koyo, wasu su riƙa bin gidaje, wasu su ja ƙofa su tafi gida. Duk na taɓa, wasu na ji daɗi, wasu na ji jiki.

Ragi shi ne abin da zuciya ke fara rayawa, kuma shi na fi tsana. Bari mu yi lissafi da misali, ki sa naki farashin a gurbin nawa. A ce wanke kai da kitso naira 4,000 ne. A ciki shamfu, mai, ruwan da kika saya wurin mai kura, fetur ɗin da janareta ya sha lokacin busarwa, da kason yarinyar da ta yi kitson, su cinye 2,500. Naki 1,500. Yau kin ce kin rage kashi ɗaya cikin huɗu, ya koma 3,000. Ga mai kai, ragin ɗan kaɗan ne, naira dubu ɗaya. Ke kuwa ribarki ta faɗo daga 1,500 zuwa 500, sai kin yi kai uku kafin ki ga abin da kai ɗaya ke ba ki. Idan rabi kika rage kamar yadda yarinyar nan ta so yi, kowane kai da ya shigo naira 500 za ki cika daga aljihunki. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 babu sauran aikin da ke buƙatar diraya da zai ɗauki ragi irin wannan.

A azumi ma ragin ba ya kiran kowa. Matar da ke kan tukunyar kunu da ƙarfe uku ba tsadar kitso ce ta hana ta fitowa ba. Wadda za ta zo saboda ragin ita ce wadda dama za ta zo ranar ashirin da bakwai ta biya cikakken kuɗi, kin ga ke da kanki kika jawo kwastomar Sallah kika sayar mata da arha. A damina kuwa, inda babu ce ta yi yawa, ragin yana ɗan jawo mutane, ba zan musa ba. Sai dai garinmu ƙarami ne kuma bakin mata ba ya mantuwa. Ranar da kika mayar da farashi yadda yake, za ki ji: "Haba Hajiya, ba dubu uku kika yi ma ɗiyar maƙwabciyata ba? Mi ya canza?" Na taɓa yin wannan ragin wata damina, sai da na kai Disamba ina rantse-rantse kafin kuɗin ya koma mazauninsa, wasu kuma suka tafi da fushi kamar na cuce su. Ga kuma masu kuɗin da suke ganin araha ba ta ado, da sun ji kin zubar da farashi sai su ɗauka hannunki ne ya lalace.

Abin da ya fi ragi shi ne gyara. Bahaushiya ta san bambancinsu tun daga wurin mai tumatir. Ragi haƙƙinta ne, gobe ma za ta nema. Gyara kuwa alherin mai kaya ne, in an ba ta ta yi godiya, in ba a ba ta ba babu faɗa. Wadda ta zo kitso a watan Agusta ki zana mata jan lalle a yatsu, ki ce wannan nawa ne. Wadda ta kawo yara uku ki wanke wa ƙaramar kai kyauta. Ki zaɓi abin da lokacinki yake ci, ba kayanki ba, tunda lokaci shi ne abin da ya yi miki yawa. Farashi na nan a rubuce jikin bango bai motsa ba.

Kusa da wannan akwai biyan wata. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, matan sakatariya da na banki, duk masu ganin alat a ƙarshen wata, za ki iya ce musu su biya kuɗin wankin kai huɗu a tashi ɗaya, na biyar kyauta ne. Yana toshe ramin tsakiyar wata sosai. Amma ki sani bashi kika ci. Kuɗin da ya shigo ranar ashirin da takwas ba riba ba ce, aikin da ba ki yi ba ne, in kika kashe shi a anko ranar da za su zo babu kuɗin shamfu. Kuma ki rubuta a katin da za ki ba su cewa ba ya aiki a satin Sallah, in ba haka ba ranar jajibiri za su zo miki da shi a hannu.

Sai sayar da kaya, wanda a ganina shi ne maganin shirun azumi. Dalili kuwa, abin da mata suka daina saya a azumi zama ne a kujerarki, ba ƙamshi ba. Turaren wuta yana tafiya a watan nan fiye da kowane lokaci, na ɗaki, na kaya, na tsugunno, har wanda ake aikawa masallaci. Humra tana shiga kayan Sallah da na toshi. Kuma ba sai kwastoma ta zo ba, hoto a waya, tiransifa, yaro ya kai mata da mashin. A damina ma turaren wuta ba ya kwantai gaba ɗaya, saboda ɗakuna suna warin danshi, labule da kafet suna riƙe shi, mace ko ba ta da kuɗin dilka za ta nemi na 'yar ƙaramar kwalba.

Kyawun wannan hanya shi ne kayan ba sa gudun zama. Humra ƙara kyau take in ta kwana biyu, wadda aka haɗa yau da wadda ta yi wata uku a rufe ba a haɗa su. Wanke farcen turare, soya shi, daka shi, jiƙa sandal, narka sukari a juye itacen hawi ko ɗorot a ciki, duk aiki ne mai son natsuwa wanda ba zai yiwu ba ranar da amare uku ke jiranki. Ranakun shiru kamar don shi aka yi su. Wanda kika haɗa a farkon azumi ya samu Sallah, wanda kika haɗa a Yuli ya tsumu ya jira lefen kaka da na Disamba. Abu ɗaya, turaren wuta yana son bushewa, gara ki yi mai yawan a bazara, don na marka in ba ki yi hankali ba sai ya yi fumfuna a kwalba.

Illarsa jari. Madarar turare mai kyau da dala ake shigo da ita, farashinta ba ya zama wuri ɗaya. In za ki saro da kanki Kano ce, tafiyar kilomita ɗari da saba'in ko kusa, ki shiga Kurmi da Sabon Gari, ko ki yi aike Maiduguri wurin waɗanda suka gaji abin. Masu dogaro da kayan da ke shigowa ta Maraɗi da Jibiya ko ta Kongolam sun ga yadda aka yi lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Sannan kasuwar ta cika, kowane gida akwai mai humra. Abin da kika fi su da shi guda ɗaya ne: kan mace yana hannunki awa biyu, tana shaƙar abin da kika sa a kasko, ita da kanta za ta ce "wannan wane iri ne?" Ki fara da kala biyu ko uku da man kitso na kaɗe da kwakwa wanda kike shafa musu da hannunki. Kada ki cika kanta da kwalabe iri ashirin, jarinki ya koma ado.

Da bashi. Kitso ba a cika cin bashinsa ba, don kunya ba ta barin mace ta tashi daga kujera ta ce sai wata ya yi. Kwalba kuwa sai a ɗauka a jefa a jaka, "zan turo miki." Ki yanke tun farko wa za ki ba, wa ba za ki ba.

A nan zan ɗan ratse. Da kasuwa ta yi sanyi za ki ga masu zuwa suna ba ki shawara ki shiga haɗa man bilicin, wai shi ne kuɗi. Gaskiya ne akwai kuɗi. Amma yawancin haɗin nan da sinadaran da NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu ake yinsa, masu cinye fata su bar ta kamar ledar da ta sha rana. Ranar da fuskar amaryar wani ta ƙone sunan shagonki za a kira, ba na wanda ya sayar miki da garin ba. Shagon da aka san shi da dilka da halawa da kurkum ba ya buƙatar wannan. Haka baƙin lallen da ake zuba wa dayis ɗin gashi don ya kama da wuri, shi ma yana tayar wa wasu da ƙuraje har ya bar tabo.

Ɗaukar 'yan koyo kuma shi ne ya dace da shirun damina, kamar an auna. 'Yan matan da suka gama WAEC da NECO suna zaune a gida daga Yuli suna jiran sakamako da gurbin karatu, makarantu suna dogon hutu har Satumba, iyaye kuma sun fi son yarinya ta fita koyon abin yi da ta wuni tana danna waya. Uban da zai ce babu kuɗin kitson matarsa zai nemo kuɗin koyon sana'ar ɗiyarsa, don wannan a wurinsa ba kwalliya ba ce, tanadin ɗakin miji ne. Jari kusan babu. Kujera kina da ita, madubi kina da shi, kowace ta zo da kumbunta da lallenta da kan roba na gwaji, ko su riƙa yi wa juna. Kuɗin yana shigowa a dunƙule a farko, daidai lokacin da kike nemansa. Kuma wadda ta fara a Yuli, zuwa Nuwamba hannunta ya faɗa, ta iya wanke kai, tsifa, cire salatif, riƙe wa amarya fitila. Bukukuwan kaka da na Disamba za su same ki da hannuwa shida maimakon biyu.

Amma kada a yi miki daɗin baki, wannan hanya ita ce mafi nauyi a wuya. 'Ya'yan mutane ne. Wadda ta ce ta tafi shago ba ta zo ba, ke za a tambaya. Samarin da za su fara jeka-ka-dawo a ƙofar shagonki, ke za a zaga. Ni dokata, iyaye ko yayye su kawo yarinya da kansu, in karɓi lambarsu, kuma kowa ta kama hanyar gida kafin magariba. Na biyu, hannun ɗan koyo ba ya hawa kan kwastoma sai kina tsaye. Na taɓa fita sallar azahar na bar wata ta sa wa yarinya rilaksa, ta tsaya hira, kafin in dawo fatar kan ta yi ja. Uwar ba ta yi faɗa ba, ta ce Allah Ya kiyaye gaba, amma ita da 'yan'uwanta huɗu ban sake ganin ƙeyarsu ba. Kuɗin koyon wannan yarinyar bai kai abin da gidan nan kaɗai ke kawo mini a shekara ba.

Sai maganar da kowa ke yi a ɓoye, cewa kishiya kike raino. Haka ne. Cikin biyar da kika koya wa, ɗaya ko biyu za su buɗe nasu, wataƙila a layinku, kuma da rabin farashinki za su fara tunda a ɗakin uwarsu suke ba haya. Ni na daina jin zafin wannan. In ban koya mata ba TikTok zai koya mata, gara ta fito daga hannuna tana ce mini Anti, ranar da amare suka yi mini yawa in kira ta, ranar da aka kawo mata aikin da ya fi ƙarfinta ta turo mini. Sai dai ban ɗaukar fiye da huɗu a lokaci ɗaya, kuma haɗin dilkata ba ya cikin abin da kuɗin koyo ya saya. Idan kuma an zo miki da shirin tallafi na wani ɗan siyasa, a ce za a turo miki yara ashirin a biya daga baya, ki nemi rabin kuɗin a hannu. Na yi irin wannan sau ɗaya, an ɗauki hoto, an raba takardar shaida, cikon kuɗina har yau yana hanya.

Sharaɗin wannan hanya shi ne suna. Wadda ta buɗe shago bara ba wanda zai kawo mata ɗiya. Shi ya sa ban ba yarinyar Daura wannan shawarar ba tukuna.

Abin da na ba ta shi ne bin gida, kuma ba kowane gida ba, gidan masu jego. Aure yana da lokaci, haihuwa ba ta da shi. Ko azumi ko marka, ranar bakwai sai an yi suna, kuma mai jego sai an yi mata kitso da lalle, ita da 'yan'uwanta da suka zo zaman bakwai. Sannan in ta yi arba'in, musamman mai haihuwar fari da ta je wankan gida, ba a mayar da ita ɗakinta sai an yi mata gyaran jiki kamar sabuwar amarya. Wannan kasuwa ce da ba ta san damina ba, kuma ba ta zuwa shago, sai dai a je mata. Ga matan kulle, ga tsofaffin da ƙafa ta hana su fita. Hanyar samunsu ba talla ba ce, ungozoma ce da ma'aikaciyar awo da uwar ɗakin unguwa, ki san su, ki riƙa yi musu alheri. Ki sa kuɗin napep a cikin farashi tun a waya, ki haɗa gidaje biyu ko uku na shiyya ɗaya a fita ɗaya, kada ki yi Ƙofar Ƙaura da safe, Ƙofar Sauri da azahar, ki dawo Sabuwar Unguwa ribar ta ƙare a titi. Kada ki shiga gidan da ba wanda ya san shi ke kaɗai. Kiran da ya fito daga wajen gari kuwa, da yanayin hanyoyinmu, in ba za ki dawo da rana tsaka ba ki ba da haƙuri. Mai aure ta gama magana da maigida tun kafin ta fara, kada ta karɓi kuɗin mutane ranar tafiya a ce ba inda za ta.

Rufe shago ba abin kunya ba ne, in na kwana goma sha biyar ɗin farkon azumi ne. Haya dai tana tafiya ko kin buɗe ko kin rufe. In naira 360,000 kike biya a shekara, kusan dubu ɗaya kenan kullum, da ke da babu ke. Abin da rufewa ke tsare miki fetur ne da kuɗin mota da abincin rana. Ni nakan yi amfani da kwanakin in gyara diraya, in yi fenti, in wanke tawul da labule. A damina kuwa ban yarda da rufewa ba, wata huɗu ya isa kwastoma ta saba da wani hannun. Gara ki rage ranaku: aikin da ke son wuta ki tara shi Alhamis da Asabar, a tayar da janareta sau ɗaya a busar da kai biyar, sauran ranaku kitso da lalle da ba ruwansu da wuta.

Ko kin rufe ko ba ki rufe ba, kada ki saki gwanarki. Kowane shago yana da yarinya ɗaya da saboda hannunta ake zuwa. In a kan kaso take, watan da babu aiki babu abin da take kaiwa gida, kuma a daidai lokacin ne mai sabon shago za ta kira ta. Kwanon sukari, gero, 'yan kuɗin cefane a farkon azumi, turmin atamfa kafin Sallah, duk ba su kai asarar da za ki yi ba in ta bar ki ana saura kwana biyar Idi.

Duk waɗannan dabarun suna tsayawa ne a kan abin da kika ajiye lokacin da kasuwa ke ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancinmu adashi muka sani, kuma yana da amfani in kin iya zaɓen kwasa. Kowa yana rububin ɗaukar farko, ke ki nemi wadda za ta faɗo a Yuli ko Agusta, ko wata ɗaya kafin hayarki ta cika. Sai dai zubi ba ya sanin an shiga damina, don haka ki auna shi da kuɗin da kike samu a watan da ya fi kowane muni, ba na satin Sallah ba. Ki kuma san uwar adashin da gidansu. Ajiyar tsabar kuɗi kuwa, yadda kaya ke tashi, abin da zai sayi katan ɗin shamfu a Afrilu ba lallai ya saye shi a Agusta ba. Ni nakan raba uku: kuɗin haya a asusun da babu katinsa a jakata, wani kaso in sayi kayan aiki da ba sa lalacewa in jibge, sauran shi ne na cefanen watannin shiru.

In kin tambaye ni wanne za ki ɗauka, sai in tambaye ki me kike da shi. Mai 'yan kuɗi a hannu da kwastomomin da suka yarda da hancinta, ta yi turare, ta fara haɗawa tun Rajab. Mai suna da fili a shago amma babu jari, ta ɗauki 'yan koyo a Yuli. Sabuwar da ba ta da ko ɗaya, ƙafarta ce jarinta. Biyu suna haɗuwa, turare da 'yan koyo ma suna taimakon juna tunda ga masu daka da cika kwalba. Uku a lokaci ɗaya kuwa na gwada, shagon ne ya koma ba mai tsaronsa.

Ita yarinyar Daura tana da wani abin da mu na cikin Katsina ba mu da shi kamarsu, Sallar Gani. A watan Mauludi garin yana cika, ana hawa, baƙi suna shigowa daga Zango, Baure, Mai'aduwa, Sandamu har da ƙetaren iyaka, 'yan mata da yara kowa da sabon kitso da lalle. A shekarun nan Gani yana faɗowa ne a ƙarshen damina, wato shirunta ya fi namu gajarta da sati uku ko huɗu. Na ce mata ta sayi littafi mai layi, daga gobe ta riƙa rubuta kai nawa ta yi kowace rana da kwanan wata biyu, na Bature da na Musulunci, har shekara ta zagayo. Ta ce, "To Anti, yanzu fa? Gobe in buɗe ko in zauna?" Na ce ta buɗe bayan azahar, da safe ta je ta gaida ungozomar unguwarsu da 'yar kwalbar humra a hannu. Farashin kuma ta bar shi yadda yake a bango.